Daga Dutsen Kinka Zuwa Duwatsun Kurfi: Tsoro, Zaman Lafiya da Yawon Buɗe Ido



Gabatarwa

Ran da aka kafa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, kai da aka sani da nahawu da karin magana, kuma ɗan Dabawa, me ya kai ka Japan?" Na ce masa ya yi haƙuri ya zo ya saurara, domin Japan ɗin zango ce kawai, gida za mu kwana. Abin da nake son mu duba a yau shi ne dangantakar mutum da dutse, watau me ke sa al'umma ta hau dutse, me ke sa ta sauko, me kuma ke sa jikokinta su koma su hau shi bayan ɗaruruwan shekaru, har su biya kuɗi. Zan fara da misali ɗaya daga Japan, sa'an nan in komo ƙasar Hausa, musamman wannan yanki namu na Dutsin-Ma da Kurfi, daga ƙarshe in faɗi abin da nake ganin ya wajaba a kanmu.

Hawan Dutsen Kinka

Lokacin da nake karatu a waje, na sami zarafin halartar wani taron masana harsuna a Japan. Da aka tashi taron, masu masaukinmu suka kai mu wani gari da ake kira Gifu, arewa da birnin Nagoya. A gefen garin akwai wani dutse mai suna Kinka, tsayinsa mita 329, kogin Nagara yana bi ta gindinsa, a ƙololuwarsa kuma ga wata farar hasumiya mai rufi hawa-hawa. Akwai hanyoyin ƙafa masu kai mutum sama, amma yawancin baƙi motar igiya suke shiga. Ita wannan mota akwati ce ta ƙarfe mai tagogin gilashi, ba ta da taya a ƙasa, rataye take da wata igiyar ƙarfe mai kauri wadda aka miƙa daga gindin dutse zuwa samansa, inji yana jan ta. Idan ɗaya tana hawa, 'yar'uwarta tana sauka, su haɗu a tsakiya. Tun 1955 aka buɗe ta. Cikin minti huɗu ko ƙasa da haka sai ga mu a sama, daga nan muka taka 'yan matakalai zuwa hasumiyar.

Ina tsaye a can, ina kallon kogi da gonaki da gidaje shimfiɗe kamar tabarma, sai wani tunani ya faɗo mini. Wannan tudu da muka hau muna raha, da yara da tsofaffi, an zaɓe shi ne tun asali saboda wahalar hawansa. Amfaninsa duka a wancan zamani shi ne ya gajiyar da maƙiyi kafin ya iso. Ga shi yau an kashe kuɗi domin a kawar da wahalar nan gaba ɗaya. To, me ya faru tsakanin wancan zamani da wannan?

Daga wajen 1467 zuwa ƙarshen ƙarni na 16 ƙasar Japan ta kasance cikin yaƙin basasa. Ikon tsakiya ya yi rauni, kowane mai ƙasa ya ja daga, kuma ɗaruruwansu suka gina sansanoninsu a kan duwatsu. Dutsen Kinka yana hannun gidan Saito har 1567, shekarar da Oda Nobunaga ya ƙwace shi, ya canja wa garin suna zuwa Gifu, ya mai da shi cibiyar yunƙurinsa na haɗa kan ƙasar. Wani mai wa'azin Kirista ɗan Fotugal, Luis Frois, ya ziyarce shi a 1569, ya kuwa bar bayanin ƙasaitaccen gidan da Nobunaga ya gina a gindin dutsen, inda yake karɓar baƙi. Ashe ko shi mai dutsen ya san cewa sama wurin tsaro ne, harkar duniya kuwa a ƙasa ake yin ta.

A 1600, dab da yaƙin Sekigahara, aka ci sansanin daga hannun jikan Nobunaga. Tokugawa Ieyasu, wanda ya yi nasara a yaƙin, ya sa aka rushe shi a 1601, aka kwashi katako da duwatsunsa aka gina sabuwar fada a fili, kudu da garin. Sunan wurin da aka gina ta, kada ku yi dariya, Kano. Dacewar sauti ce kawai, ba ta da alaƙa da tamu. A 1615 gwamnatin Tokugawa ta kafa doka cewa kowane mai ƙasa fada ɗaya tak zai riƙe, aka rushe sauran. Daga nan ƙasar ta shiga zaman lafiya na fiye da shekara ɗari biyu, sarauta ta sauka inda ruwa da kasuwa suke, duwatsu suka koma daji.

Bayan juyin 1868 sabuwar gwamnati ta ɗauki tsofaffin fadodi a matsayin tarkacen zamanin da ya wuce. A 1873 ta ba da umurnin da ya sa aka sayar da da yawa daga cikinsu, aka farfasa. Bama-baman 1945 suka lalata wasu, kamar ta Nagoya da ta Hiroshima. Hasumiyoyi 12 kaɗai suka tsira da ginin asali. Sai da gobara ta lalata tsofaffin zane-zanen wurin ibada na Horyuji a 1949 sa'an nan aka kafa babbar dokar kare kayan tarihi ta 1950. Ita kuwa hasumiyar da na hau a Gifu, da siminti aka gina ta a 1956, bayan wadda aka yi a 1910 ta ƙone a 1943. Saboda haka kada mu ɗauka cewa mutanen Japan ba su taɓa wulaƙanta tarihinsu ba. Sun yi, sun yi asara, sa'an nan suka farga.

Dutse a Farkon Tarihin Ƙasar Hausa

Yanzu bari mu komo gida. Duk wanda ya lura zai ga cewa da yawa daga cikin tsofaffin garuruwanmu a gindin dutse suka tsiro: Kano a gindin Dala da Goron Dutse, Zazzau a Turunku da Kufena, Kwatarkwashi a gindin dutsenta, ga kuma Dutse wadda sunanta ma ya wadatar. Marigayi Abdullahi Smith ya jawo hankali kan wannan a maƙalarsa ta 1970 game da kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, Yusufu Bala Usman kuma ya faɗaɗa binciken a kan ƙasar Katsina cikin littafinsa na 1981. Idan muka tattara abin da masana suka gano, dalilan sun kai huɗu.

Na farko ruwa. Ruwan sama ba ya shiga jikin dutse, gangarowa yake yi ya taru a gindinsa, don haka ƙasar wurin ta fi riƙe danshi, rijiya ba ta yin zurfi, wani lokaci ma akan sami kwarmi a kan dutsen mai riƙe ruwa har cikin rani. Na biyu tama. An haƙo alamun narkar da ƙarfe a Dala waɗanda awo ya nuna sun kai ƙarni na 7, watau tun kafin zuwan Bagauda da kimanin shekara ɗari uku ko fiye. Inda maƙeri ya zauna kuwa, nan manomi zai zo neman fartanya, maharbi ya zo neman kibiya. Na uku shi ne imanin mutanen da, cewa iskoki a duwatsu suke zaune. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ke zaune a kan Dala yana hidimar Tsumburbura, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Haka Kwatarkwashi, wadda a da tana cikin ƙasar Katsina, ta shahara da bautar Magiro. Na huɗu shi ne tsaro, domin wanda ke kan dutse yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa.

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta Japan. Sarkin Hausa bai hau dutse ya gina fada ba. Abin da ya yi shi ne ya kewaye dutsen da ganuwa, ya haɗa da gidajen talakawa da kasuwa da kududdufai da gonaki. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, shi ya fara ganuwar Kano, daga baya sarakuna irin su Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) suka faɗaɗa ta. Da Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba. Sauran filin ajiya ce ta ranar wuya: idan yaƙi ya zo, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ciki ko da an tsare ƙofofi. Akwai garuruwan Japan da aka kewaye baki ɗaya, irin su Odawara, amma galibin ƙarfin gininsu ya tattaru ne a kan mazaunin shugaba da mayaƙansa. Namu ƙarfin ya tafi ne a kan kewaye jama'a. Wannan bambanci yana gaya mana wani abu game da yadda kakanninmu suka fahimci sarauta, cewa sarki da jama'a yake sarki, kuma duk wanda ya kasa ba talakawa mafaka, za su tashi su bi wanda zai iya.

Harshen ma shaida ne. Muna da birni, garin da ke da ganuwa. Da badala, inda mayaƙa ke tsayawa daga ciki. Da gwalalo, ramin da ke kewaye ta waje. Da kafi, garin da aka kange da itatuwa, wanda ya bar mana sunaye irin su Kafin Soli da Kafin Hausa. Da kufai, garin da aka tashi aka bari. Al'umma ba ta tara kalmomi haka a kan abin da bai dame ta ba. Har karin maganar nan da muke yi kullum, hangen Dala ba shiga birni ba, matafiyi ne ya haife ta, wanda ya hango dutsen tun da hantsi, ya san kuma akwai sauran tafiya da ƙofa a gabansa.

Kurfi a Shekarar 1853

Yankinmu na tsakiyar Katsina, inda kogunan Karaduwa da Bunsuru ke bi, ƙasa ce mai duwatsu. Dutsin-Ma kanta, a ruwayar da muka tashi muna ji, ta samo sunanta ne daga wani maharbi mai suna Ma wanda ya zauna a dutsen. Amma zamanin da duwatsun nan suka fi yin amfani wajen tsaro shi ne ƙarni na 19. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi. Daga can, tare da Gobirawan Tsibiri, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, musamman zamanin Ɗan Baskore. Bayan tawayen da aka murƙushe a ƙasar Ruma cikin shekarun 1840, garuruwa da yawa na yamma suka watse, daji ya cinye gonakinsu. Waɗanda suka saura sai suka dunƙule a 'yan garuruwa masu ƙarfin ganuwa.

Muna da sheda a rubuce kan ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa. A watan Maris na 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zai tafi Sakkwato. Saboda hatsarin hanya ayarinsu ya yi kudu, ya bi ta Kuraye ya sauka Kurfi. Tsarin tsaron garin ya burge shi har ya zana taswirarsa a littafinsa. A zanen, baƙo ba ya shiga gari kai tsaye. Sai ya fara shiga wani fili da aka kewaye da ramuka, inda bukkokin masu gadi suke. Ya wuce ta wata mashiga ya ƙetare gwalalon gari. Ya shiga ƙofa ta farko wadda ke wani lungu na ganuwa. Sa'an nan ƙofa ta biyu ta kai shi cikin gari. Zanen ya kuma nuna duwatsu a cikin ganuwa da wajenta.

Da na ga ƙofofin fadodin Japan, wannan zane na tuna. Su ma suna da irin wannan dabara, a shigar da maƙiyi cikin wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, a tilasta masa ya juya kafin ya sami ƙofa ta biyu, ana harbinsa ta ko'ina. Mutanen Kurfi ba su taɓa jin labarin Japan ba, tsoro ɗaya ne ya koya musu hikima ɗaya. Bambancin shi ne su da dutse da katako suka gina, mu da jar ƙasa. Ginin ƙasa kuwa bawan yaɓe ne. Muddin ana fita aikin gayya bayan kowace damina, ganuwa tana nan. Ran da aka daina, ruwa ya fara cin rabonsa.

Saukowa

A ran 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka fasa ƙofar Kano da igwa, a watan Maris kuma Lugard ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an gwabza ba. Daga nan ganuwa ta rasa aikinta. Iyaka ta raba Maraɗi da Katsina, hare-hare suka tsaya, mutane suka fita suka sari daji, suka kafa ƙauyuka da unguwanni kusa da gonakinsu, gyaɗa da auduga suka ja su zuwa bakin hanya. Wannan shi ne saukowarmu, kamar yadda 1615 ta zama ta Japan. Ba abin baƙin ciki ba ne, domin zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ni kaina, da nake yaro a Dabawa, dutse a wurina wurin shanya ne da kiwon awaki da sulɓi. Mukan ga 'yan ramukan niƙa a kan falalen dutse da fasassun tukwane a kufai, ba wanda ya ce mana littafi ne muke takawa.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin a takarda. An kafa dokar kayan tarihi a 1953, aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. A 1999 tsaunin Sukur na jihar Adamawa ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, a 2007 kuma aka miƙa sunan ganuwar Kano da na Surame cikin jerin masu jiran gado. Motar igiya ma ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, an yi ta a tsaunin Obudu na jihar Kuros Riba a 2005. Duk da haka, kowa a zauren nan ya ga inda aka yanki ganuwa aka yi bulo da ƙasarta, ko aka fitar da fuloti a kanta, ya kuma ji ƙarar nakiya inda ake fasa dutse domin tsakuwa. Ganuwa in ta zube ana iya ɗaga ta, dutse in an niƙe shi ya tafi ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Shekarun da suka biyo bayan 2015 sun sake koya wa mutanen Batsari da Safana da Ɗan Musa da Kurfi da Dutsin-Ma irin tsoron da kakanninsu suka sani, daga ɓangaren dajin Rugu. Kowa yana tuna ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020. Ɓarayin daji ba mayaƙan Maraɗi ba ne, waɗancan sarauta suke nema, waɗannan kuɗin fansa. Amma abin da talaka ya yi ɗaya ne, ya bar gonar nesa ya kwana a babban gari. Wanda ya kwana da kunne a buɗe ba zai hau dutse don kallo ba.

Kammalawa

Shugaba, hawan dutse iri uku muka gani: hawan mai neman ruwa da tama da tsarin iskoki, da hawan mai gudun maƙiyi, da hawan mai buɗe ido. Na ukun ba ya samuwa sai na biyun ya zama labari. Motar igiyar Gifu ta zo ne shekara goma bayan ƙarewar yaƙi, shekara biyar bayan dokar kare kayan tarihi. Ita ce rufin ɗaki, an riga an yi tushe. Don haka ban zo in roƙi gwamnati ta rataya mana akwati a Dutsin-Ma ba. Duwatsunmu ba su da tsayin da zai buƙaci haka, kuɗin kuma ya fi amfani a wani wuri.

Abin da nake roƙo ya fi wannan araha. Na farko, tun da Allah ya kawo mana jami'a garin nan a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗaliban Hausa da na tarihi su shiga gari-gari su ɗauki muryar tsofaffi: sunan kowane dutse da kufai da ƙofa, da wanda ya zauna a wurin, da dalilin tashinsa. Wannan shi ya fi gaggawa, domin masu ruwayar suna ƙarewa. Na biyu, a ɗauki zanen Barth a tafi Kurfi da shi, a bi sawun abin da ya saura na ganuwa da gwalalo, a auna, a sa a taswira. Na uku, hakimai da ƙananan hukumomi su keɓe duwatsun da ke da alamun zaman mutane, a hana ba da su ga masu fasa tsakuwa. Na huɗu, inda hali ya yi, a yi matakala da rumfa da allon bayani da Hausa, a ɗauki ɗan garin ya zama mai rakiya, makarantu su riƙa kai yara. Kuma kada a yi gaggawar gina sabon abu da siminti a kira shi tsoho. Gara guntun ganuwa na gaskiya da doguwar katanga ta ƙarya.

Idan muka yi waɗannan, ran da Allah ya dawwamar mana da lafiya, ɗan Dabawa zai kai baƙonsa kan dutse ya nuna masa inda kakanninsa suka tsaya, ya kuma san abin da zai faɗa masa. In kuwa muka yi sakaci, za mu sami zaman lafiyar, mu hau, mu hangi fili, babu mai iya ce mana ga abin da ya faru a nan.

 Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.